Yadda ake gano iyayen matar da ta rayu a Amurka a ƙarni na 19

Tambaya: Wata ɗaliba mai nazarin tarihin Amurka ta rubuto cewa tana bin salsalar wata mata da ta gani a takardun ƙidayar jama'a ta 1880 a jihar Ohio. An rubuta matar da sunan gidan mijinta, shekarunta 44, an haife ta a Virginia, kuma akwai 'ya'ya shida a gidan. Ta ce ta yi ta buga sunan a shafukan bincike na intanet amma babu abin da ya fito game da iyayen matar, don haka tana son sanin ta inda za ta ɓullo wa al'amarin.

Amsa: Malama, buga sunan nan a intanet ba zai kai ki ga iyayenta ba ko da za ki shekara kina yi, domin sunan da ke hannunki bai wanzu ba sai ranar da aka ɗaura mata aure. A al'adar da Amurkawa suka gada daga Ingila, mace tana ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na mijinta, saɓanin abin da aka fi sabawa da shi a wurinmu, inda mace ke riƙe sunan mahaifinta har ƙarshen rayuwarta. Kuma abin bai tsaya ga suna ba. Dokar wancan zamani tana ɗaukar miji da mata a matsayin mutum guda a gaban shari'a, kuma mijin ne ke magana da yawun su biyun, ta yadda matar aure ba ta iya ƙulla ciniki ko shigar da ƙara ita kaɗai, abin da ta zo da shi na dukiya kuma yana shiga ƙarƙashin ikonsa. Jihohi sun riƙa sassauta wannan doka ɗaya bayan ɗaya, Mississippi a 1839, New York a 1848, ita kuwa Virginia sai a 1877. Saboda haka sawun matar nan yana cikin takardun mazan da suka kewaye ta, wato mijinta da mahaifinta da 'yan'uwanta maza da 'ya'yanta, kuma ya fi fitowa a duk inda kuɗi ko fili ya sauya hannu. Can ne za ki mai da hankalinki.

Kafin ki bar takardun ƙidaya, ki tatse duk abin da ke cikinsu. Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, amma daga farko har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida kuwa lissafa su ake yi bisa rukunin shekaru. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutumin da ba bawa ba, a 1880 kuma aka ƙara dangantakar kowa da maigida da kuma wurin haihuwar iyayensa. Tun da shekarunta 44 a 1880, an haife ta wajen 1836, wanda ke nufin a ƙidayar 1850 tana yarinya 'yar shekara goma sha huɗu a gidan ubanta, da ainihin sunan da kike nema. Wannan shafin ne inda za ki ƙare, amma ba za ki iya gane shi ba sai kin riga kin san sunan gidan. A yanzu ki nemo ta a 1870 da 1860 tare da mijinta, ki lura da wurin haihuwar kowane ɗa. Idan babban ɗan a Virginia aka haife shi, na uku kuma a Ohio, akwai alamar an yi auren a Virginia, kin kuma san tsakanin shekarun da suka yi ƙaura. Ki duba ko akwai wata tsohuwa ko wani saurayi mai wani sunan gida daban da ke zaune tare da su, domin a 1880 za a rubuta ƙarara idan surukar maigida ce ko ƙanin matarsa. Ki karanta shafi biyu kafin nasu da biyu bayansa, saboda malamin ƙidaya gida-gida yake bi, kuma mutanen lokacin ba su cika yin ƙaura su kaɗai ba. Maƙwabcin da shi ma aka haifa a Virginia yana iya zama wanta.

Kada ki ɓata lokaci wajen neman ƙidayar 1890, domin gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Washington a watan Janairun 1921 ta lalata mafi yawanta. Abin da ya tsira kuma zai amfane ki shi ne jerin tsofaffin sojojin ɓangaren Arewa a Yaƙin Basasar Amurka da matan waɗanda suka rasu, kuma na Ohio yana cikin waɗanda suka tsira. Idan ta kai 1900 da rai, ƙidayar shekarar ta tambayi wata da shekarar haihuwa, da yawan shekarun aure, da adadin 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda ke raye. Shekarun da ke cikin ƙidaya kuwa kada ki riƙe su da ƙarfi, domin wanda aka tarar a gida shi ke ba da amsa, kuma bambancin shekara biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Haka ma sunan yanka: wadda aka rubuta Polly a wannan shekara ita ce Mary a wata, Peggy ita ce Margaret, Sally ita ce Sarah, Patsy kuma Martha.

Hanya mafi sauƙi ta samun sunan gidan ubanta ita ce ta 'ya'yanta, kuma kuskuren da masu bincike suka fi yi shi ne su bi ɗa guda su bar sauran. Ki bi duka shidan har zuwa rasuwarsu. Ohio ta fara rubuta haihuwa da mutuwa a kotunan gado na gundumomi a 1867, sannan daga Disambar 1908 jiha ta karɓi aikin, kuma takardar shaidar rasuwa ta wannan sabon tsari tana da gurbin sunan uba da na uwa kafin aurenta. 'Ya'yan da aka haifa a shekarun 1860 da 1870, da yawansu sun rayu har bayan 1908. Sai dai wanda ya ba da bayanin yana cikin jimamin rashi, wani lokaci ma suruki ne da bai taɓa ganin tsohuwar ba, shi ya sa za ki iya samun takarda ɗaya da aka bar gurbin fayau, wata da suna daban, uku kuma da suna iri ɗaya. Idan auta ya kai 1936 yana aiki, takardar da ya cike da kansa ta neman lambar inshorar tsufa ta gwamnatin tarayya tana ɗauke da sunayen iyayensa, kuma na fi amincewa da ita a kan shaidar rasuwa, tun da daga bakin ɗan ta fito. Ki kuma lura da sunayen tsakiya na yaran, domin al'ada ce a sa wa ɗa sunan gidan mahaifiyarsa a tsakiya. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba.

Takardar aure ta asali tana gunduma. Kin yi sa'a da shekarun matar nan, domin dokar Virginia ta 1853 ta sa a riƙa rubuta haihuwa da mutuwa, rajistar aure kuma ta fara ɗaukar sunayen iyayen ango da na amarya. Yarinyar da aka haifa a 1836 mai yiwuwa ta yi aure bayan wannan doka. Idan kuwa kafin nan ne, abin da za ki samu shi ne takardar lamunin aure, inda ango da wani mutum na biyu suke ɗaukar alkawarin biyan tara idan aka gano akwai abin da ya hana auren, kuma mutum na biyun sau da yawa uban amarya ne ko wanta. Idan ba ta kai shekara 21 ba, akan haɗa da 'yar wasiƙar amincewar mahaifi ko waliyyi. Abu guda da ke ruɗa mutane a nan shi ne sunan Virginia kansa. Yankin yammacinta ya ɓalle ya zama jihar West Virginia a 1863, kuma wannan yankin ne ke gaɓar kogin Ohio, inda tsallakawa ba ta da wuya. Mutumin da aka haifa can a 1836 zai ci gaba da cewa shi haifaffen Virginia ne, alhali takardunsa yau suna West Virginia. Iyakokin gundumomi ma sun yi ta sauyawa, kuma takarda tana zama a gundumar da ke da iko a ranar da aka rubuta ta. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar tarihin iyakokin gundumomi a intanet, ki riƙa duba ta kafin ki yanke cewa babu takarda.

Idan mijinta ya yi Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865 a ɓangaren Arewa, to fayil ɗin fansho shi ne mafi daraja a duk abin da za ki nema. Dokar 1862 ta ba matan sojojin da suka rasu sanadin yaƙi fansho, dokar 1890 kuma ta faɗaɗa shi ya haɗa da matan waɗanda suka yi aikin soja na kwana 90 ko da ba yaƙin ne ajalinsu ba. Amfaninsa a wurinki shi ne gwamnati ba ta yarda da maganar baki, sai matar ta tabbatar da cewa ita ce matar mamacin. Don haka za ta faɗi sunanta kafin aure, da rana da wurin auren, da wanda ya ɗaura shi, ta kawo shaidun da suka halarta, waɗanda galibi 'yan'uwanta ne, kowa ya yi rantsuwa ya faɗi dangantakarsa da ita. Akwai matan da suka rasa wata hujja suka yage shafin Baibul na gida, inda ake rubuta aure da haihuwa, suka aika wa hukuma, kuma shafukan suna nan cikin fayilolin har yau a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Washington. Katin da za ki gani a intanet manuniya ce kawai mai ɗauke da lamba. Ki nemi cikakken fayil ɗin, ko da zai ci kuɗi ya kuma ɗauki lokaci. Sojojin Kudu kuwa jihohinsu ne suka biya su fansho daga baya, don haka nasu yana ma'ajiyar jihohi.

Yanzu sai batun fili da gado, wanda a ganina nan ne ake samun hujjar da ba ta da ja. Doka ta ba matar aure haƙƙin cin moriyar sulusin filin mijinta bayan rasuwarsa muddin tana raye, kuma wannan haƙƙi yana bin filin ko da an sayar. Saboda haka mai saye ba ya yarda sai matar ta sa hannu ta yafe haƙƙinta, kuma a ƙasan takardar cinikin za ki ga bayanin cewa alƙali ya keɓe da ita ba tare da mijin ba, ya karanta mata abin da ke ciki, ya tambaye ta ko da son ranta ta yarda. Irin wannan takarda tana ba ki sunanta na yanka da tabbacin tana raye a ranar, idan kuma sunan matar ya sauya tsakanin ciniki biyu, kin gane mijin ya yi aure sau biyu. Wannan muhimmin abu ne, domin ba dole ba ne matar 1880 ta zama uwar duka yaran shida.

Amma takardar da ake wa addu'a ita ce wadda ke nuna miji da mata mazauna Ohio suna sayar da wani kaso na gona a wata gunduma ta Virginia, gonar da babu inda aka rubuta sun saya. Misali a ce sun sayar da kashi ɗaya bisa bakwai na eka ɗari biyu da ba a raba ba. Mutum ba ya sayen kashi ɗaya bisa bakwai na gona haka kawai, gado ne, kuma lissafin yana gaya miki magada bakwai ne. Idan sunan mai gonar na asali ya bambanta da na mijin, to ta wajen matar gadon ya zo. A littafin manuniya na ofishin filaye sunan mijin za ki nema, domin ita sau da yawa ana taƙaita ta da kalmomin Latin «et ux», ma'ana da matarsa. Daga nan ki nemi takardun gadon mai gonar. Mutane suna ɗokin wasiyya, amma wasiyya tana iya cewa a raba tsakanin 'ya'yana ba tare da ambaton kowa ba. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba ya fi taimakon mai bincike, domin dole kotu ta lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya mata da sunayen mazajensu da inda suke zaune. Idan kuma 'yan'uwa suka yi rigima, sai abin ya ƙara kyau. Kotunan Virginia masu sauraron rigingimun gado da rabon dukiya, waɗanda ake kira Chancery, sukan tara shaidu da wasiƙu da jerin dangi har jikoki, kuma babban ɗakin karatu na jihar ya sa da yawansu a intanet kyauta, ana nema da sunan gida.

Ki shirya wa yiwuwar cewa takardun gundumarta sun ƙone. Wasu gundumomin gabashin Virginia, irin su Hanover da Gloucester, sun aika da takardunsu Richmond, babban birnin jihar, don a tsare su lokacin yaƙi, sai gobarar Afrilun 1865 ta cinye su a can. Kotun Buckingham ta ƙone a 1869, ta Appomattox a 1892. A irin wannan hali akan koma ga jerin masu biyan haraji, wanda Virginia ke yi kowace shekara tun 1782 kuma jiha ke riƙe da nata kwafin, da littattafan majami'u, da jaridu. Littafin baftisma na Katolika yana rubuta sunan uwa kafin aure. 'Yan ɗariƙar Kirista ta Quaker kuwa, waɗanda da yawansu suka bar Virginia zuwa Ohio saboda ƙin bauta, suna ba mai ƙaura takardar sallama daga majalisarsu zuwa wata, kuma mata suna da nasu littafin zama daban. A jarida kada ki nemi sunanta na yanka, domin da cikakken sunan mijinta ake kiranta, kuma sanarwar rasuwar wani ɗan'uwanta ce za ta ambace ta cikin waɗanda ya bari.

Akwai gurbi ɗaya a shafin 1880 da ba ki ambata ba, shi ne na launin fata, kuma amsarsa tana iya sauya aikin gaba ɗaya. Idan baƙar fata ce, tambaya ta farko ita ce ko tana da 'yanci kafin 1865. Idan kin same ta da suna a ƙidayar 1850 ko 1860, 'yantacciya ce, kuma akwai takardu na musamman. A wancan zamani Virginia tana tilasta wa 'yantattun baƙaƙe yin rajista a kotu, inda ake rubuta siffarsu da yadda suka sami 'yanci, wani lokaci da sunan uwa. Dokar jihar ta 1806 ta ce wanda aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda, abin da ya tura da yawa zuwa Ohio, ita kuma Ohio ta kafa nata dokokin a 1804 da 1807 na rajista da lamunin dala 500. Idan kuwa baiwa ce, 1870 ce ƙidayar farko da ta ambaci sunanta, domin jerin bayi na 1850 da 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ya rubuta ƙarƙashin sunan ubangida. To dole sai kin gano ubangidan, kuma kada ki ɗauka sunan gidansa ta ɗauka, domin da yawa ba su yi haka ba. Rajistar bankin 'yantattun bayi na 1865 zuwa 1874 takan ƙunshi sunayen iyaye da 'yan'uwan mai ajiya, Virginia ta yi rajistar ma'auratan da suka zauna tare tun zamanin bauta a 1866, jaridar Christian Recorder ta Philadelphia kuma ta shekara da shekaru tana buga cigiyar mutanen da ke neman uwa ko 'ya da aka sayar.

Tarihin Harriet Tubman, baiwar da ta tsere daga bauta ta kuma yi suna wajen kuɓutar da wasu bayi, ya nuna yadda irin wannan aiki ke tafiya, duk da cewa ita daga Maryland take. An haife ta da suna Araminta Ross, ana kiranta Minty, ta zama Tubman da ta auri John Tubman wajen 1844, ta kuma zama Davis da ta auri Nelson Davis a 1869, wato mace ɗaya da sunaye da dama, kowanne a takardarsa. Kotun gundumar Dorchester ta ƙone a 1852, ita kanta kuma ba ta san shekarar haihuwarta da tabbaci ba. Abin da masana tarihi suka dogara da shi wajen cewa 1822 ce shi ne wani lissafin kuɗi da ke nuna an biya ungozoma dala biyu a watan Maris na shekarar saboda mahaifiyarta, Rit. Sanarwar cigiya da uwargijiyarta ta buga a jarida a Oktoban 1849 da sunan Minty ta fito, fanshon da ta fara karɓa daga gwamnati kuma a matsayin matar marigayi Nelson Davis aka ba ta. Ita ma da kanta ta taɓa biyan lauya dala biyar ya binciko mata wata tsohuwar wasiyya, ya kuma gano cewa an yi umarnin a 'yanta mahaifiyarta idan ta kai shekara 45, umarnin da magada suka yi biris da shi. Duk waɗannan takardu babu wadda aka rubuta don adana tarihinta, lissafin dukiyar wasu ne da neman haƙƙi.

Game da shafukan intanet, FamilySearch kyauta ne kuma yana da hotunan littattafan kotuna masu yawa da ba a yi musu manuniya ba, wasunsu sai an buɗe an karanta shafi-shafi. Ancestry na kuɗi ne. Dukansu suna da amfani a matsayin ma'ajiyar hotunan takardu, amma jadawalin zuriya da mutane ke ɗorawa a kansu ban ba shi muhimmanci ba, domin mutum ɗaya zai yi hasashe, ɗari su kwafa, sai ya yi kama da gaskiya saboda yawa. Gwajin DNA yana taimakawa idan akwai jikokinta masu rai da suka yarda, tun da mace ta 1836 ba ta yi nisan da gwajin zai kasa kaiwa ba, amma abin da yake nunawa shi ne dangi, ba ya bambanta uba da ƙanin uba.

Ranar da kika sami sunan gida da gunduma, sai ki koma ƙidayar 1850 ki nemi yarinya mai sunanta da shekaru kusan goma sha huɗu. A nan ne ake yawan zamewa, domin a gunduma ɗaya ana iya samun 'yan'uwa maza uku kowanne ya sa wa 'yarsa sunan kakarsu, kuma ƙidayar 1850 ba ta faɗin dangantaka, don haka yarinyar da ke gidan mutum tana iya zama 'yar riƙo. Idan kin ga yara biyu masu suna ɗaya, ki bi kowacce gaba har ki ga wanda ta aura ko ranar da ta rasu, sannan ki ɗauki wadda ta rage ki gwada ta da takardun gadon mutumin da kike zaton mahaifinta ne. Sai sunan mijin da kika gani a Ohio ya fito a cikin jerin magadansa za ki rubuta a aikinki cewa 'yarsa ce. Kafin nan ki rubuta cewa ana kyautata zato, ki kuma jera takardun da suka sa kika yi zaton.